Sulkena ya ƙi wuce DUO a Black Desert Online

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku agaza min. Sati biyu ke nan ina fama da ƙara ƙarfin sulken Dim Tree, wani sulke a wasan kwamfuta na Black Desert Online. Da ƙyar na kai shi DUO (matakin ƙarfi na biyu), amma duk gwajin TRI (na uku) sai ya faɗi ya koma PRI (na farko), sau huɗu a jere. Kowace faɗuwa tana cinye 10 daga ƙarkonsa, Memory Fragment (abin da ake gyara ƙarko da shi) ɗaya kuma 1 kacal yake mayarwa, azurfata (kuɗin wasan) duk ta ƙare a gyara. Jiya da dare har hannuna rawa yake kafin in danna maɓallin gwajin.

Failstack (makin da ke taruwa idan gwaji ya faɗi, yana ƙara damar nasara) nawa zan tara kafin in sake gwadawa? Cron Stone (dutsen da ke hana kaya komawa baya idan gwaji ya faɗi) ya cancanci kuɗinsa a wannan matakin, ko in haƙura in sayi TRI a kasuwar wasan?