Gwajin FISH na ƙari a ƙashi ya dawo babu sigina: a sake ɗaukar nama ko a fara kemo?

Sabon Likita: Salamu alaikum manyanmu. Yaro ne ɗan shekara 14, ƙari a tsakiyar ƙashin cinya. A madubin ƙara girma ƙananan ƙwayoyi ne zagayayyu, rinin gwaji na CD99 ya kama sosai, ana zargin Ewing, wata kansar ƙashi. An tura FISH, gwajin da ke duba ko ƙwayar gado ta EWSR1 ta tsage, ya dawo babu sigina ko ɗaya. A sake biyofsi, wato ɗaukar nama, ko a fara kemo, maganin kansa, haka?

Mai Gilashi: Wa'alaikumus salam. Da me aka tausasa ƙashin kafin a yanka shi don gwaji? In asid mai ƙarfi ne irin nitric, ya daddatsa DNA da RNA, ko a maimaita a wannan bulok ɗin na naman ba abin da zai fito. Sinadarin EDTA ce mai tausasawa ba ta ɓata su ba, sai dai tana cin kwanaki. Bincika ko akwai gutsuren nama mai laushi da bai shiga asid ba.

Hajiya Onko: Ku tura NGS na RNA kawai, mai karanta ƙwayoyin gado da yawa lokaci guda, gwaji ɗaya, ya fi araha a ƙarshe.

Mai Gilashi: Araha kuma, Hajiya? Ya fi FISH tsada nesa ba kusa ba, kuma RNA ta fi DNA saurin lalacewa.

Baban Fatoloji: Ko FISH ya fito, abin da zai ce kawai EWSR1 ya tsage, ba zai faɗi da wa ya haɗu ba. A kusan kashi 85 na Ewing da ƙwayar gado ta FLI1 yake haɗuwa, sauran yawanci da ERG, shi kuwa yakan ɓuya wa FISH. EWSR1-WT1 ma tsagewa ce, amma cuta ce dabam. CD99 kaɗai ba hujja ba ne, limfoma ta lymphoblastic, wata kansar fararen ƙwayoyin jini, ma tana kama shi. A yi rinin TdT don limfomar da na NKX2.2 don Ewing. In NKX2.2 ya ƙi, a tuna da cututtukan da ke kama da Ewing masu haɗin CIC-DUX4 da BCOR-CCNB3, waɗanda WHO ta ware daga Ewing a 2020.

Ɗan Dakin Tiyata: Wallahi sunayen nan sai ka ce lambar mota.

Likitan Ƙashi: Ku na lab da sauƙi kuke cewa "a sake". Duk hanyar da allura ta bi, sai an yanke ta tare da ƙarin da ke ƙashin a ranar tiyata. Wanda bai san inda za a tsaga ba ya soka ta gefen da bai dace ba, ya ratsa tsokar da ba ruwanta, ƙafar da za a iya ceto sai ta tafi. In za a sake, wanda zai yi tiyatar ne zai zana hanyar.

Hajiya Onko: Dakta, ba wanda ya ce a soka ko'ina. Ni dai ba na rataya kemon Ewing na VDC/IE ban tabbatar ba limfoma ba ce.

Mai Gilashi: Tunda an taɓo tiyata: nama yana zuwa mana a busasshiyar kwalba, ko fomalin, ruwan adana nama, ɗan cokali, alhali ana son ya ninka naman sau 10. Takarda babu shekarun mara lafiya, babu hoton X-ray, an rubuta "ƙari" kawai.

Likitan Ƙashi: Kwalaben daga wurinku suke fitowa, Malam.