Fim ya taimaki Whitman ko ya cuce shi?

Malam Bashir: Jama'a, ni dai a ganina fim ɗin Dead Poets Society na 1989 cutar Walt Whitman, mawaƙin Amurka, ya yi. Duk wanda ya kalla, abin da ya riƙe shi ne yaran da suka hau kan tebura suna cewa "O Captain! My Captain!" Alhali waƙar makoki ce da ya rubuta a 1865 bayan an harbe Shugaban Amurka Lincoln, kuma ta fi kowace nisa da salonsa: ga kari, ga amsa-amo. Littafinsa Leaves of Grass kuwa, da ya buga da kuɗin aljihunsa a 1855, waƙoƙi 12 ne masu dogayen layuka, ba amsa-amo.

Hajara: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Ka manta inda Robin Williams, da ya fito a malami, ya tsayar da ɗalibin nan mai kunya a gaban hoton Whitman, ya sa shi ya kwarma ihu? Daga "Song of Myself", waƙa a cikin Leaves of Grass, aka ɗauko ihun. Wannan wurin ne ya sa na nemi littafin.

Auwalu: Ni fa ku taimake ni. Waƙa ba kari ba amsa-amo, ai zube ce aka yayyanka.

Malam Bashir: Auwalu, haka mutanen zamaninsa ma suka ce, har da ƙari. A 1865 an kore shi daga aikin gwamnati a Washinton saboda wannan littafin, mutumin da ya sha jinyar sojojin yaƙin basasar Amurka a asibitocin garin, yana rubuta musu wasiƙa zuwa gida. Wannan Whitman ɗin fa, ina yake a fim ɗin? An mayar da shi hoton bango.

Hajara: To ai fim ɗin labarin malami ne da ɗalibansa, ba tarihin mawaƙi ba. Kuma masu fim sun daɗe da shi. Fim ɗin Manhatta na 1921, na Paul Strand da Charles Sheeler, baitukansa ake nunawa a tsakanin hotunan New York.

Malam Bashir: Yauwa, wancan ya fi yi masa adalci. Amma mutum nawa suka kalle shi?

Hajara: Ka ga kuwa ka dawo kan maganata, Malam.

Auwalu: Ni har yanzu ba wanda ya amsa mini batun amsa-amo.