Ƴan Cadi, karatun jami'a a gida ko a waje: kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Yara, Njamena:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk shekara in sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito magana ɗaya ce a kowane gida a Cadi, yaro ya ci, to ina za shi? Nawa zai rubuta bana kuma gaskiya kaina ya ɗaure, shi yasa nake so wanda ya yi karatu a gida da wanda ya fita da iyayen da suka biya kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba ji-ta-ji-ta ba. Tun 2003 muke fitar da mai daga Doba ta bututun nan da ya tafi har Kribi, an buɗe jami'o'i a Abeshe da Mundu da Sarh da Doba ɗin kanta, an gina sabuwar harabar jami'ar Njamena a Tukra, amma har gobe in ka tsaya gadar Ngeli lokacin komawa makaranta yaranmu ne da akwatuna suke ƙetarawa Kusiri ta Kamaru. Me ke korarsu?

Ɗan Mardajan Dafak:
Wa alaikumus salam Baba. Ni a gida na yi kuma a kanmu abin 2016 ya faɗo. Gangar mai da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016, ga bashin kamfanin Glencore na sama da dala biliyan ɗaya da ake biya da ɗanyen mai, sai gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, a ciki aka soke burs, wato tallafin karatu, na yawancin ɗalibai. Kusan jika talatin ne a wata, wani zai ce ba yawa amma wallahi da shi abokina na Mongo yake biyan ɗaki ya sayi fotokopi ya ci abinci, ana sokewa ya tattara ya koma gida bai sake dawowa ba. An zaftare alawus ɗin malamai suma suka shiga yajin aiki, su janye mu ɗalibai mu shiga namu, lisans, digirin farko na shekara uku, ya kai ni kusan biyar. Malamanmu akwai gwanaye fa Baba, lokaci ne ba shi da tabbas, ba ka san ranar da shekara za ta fara ba balle ranar ƙarewa.

Ɗalibar Dang:
Abin da yaya ya faɗa shi ne dalilin da Abbanmu ya kawo ni jami'ar Gaundare a Kamaru. Ya ce shi ba takardar waje yake saya min ba, kalanda yake saya. Nan in an shiga Oktoba an shiga, kuɗin rajista jika hamsin kamar ƴan ƙasa saboda yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuɗinmu ɗaya sefa babu canji, harshen karatu Faransanci ne, shi yasa in ka zo Dang, inda jami'ar take, da yamma Larabcin Cadi za ka yi ta ji kamar kana kasuwar Dembe. Amma kada a ruɗe ku da jika hamsin ɗin nan, ɗaki ne ke cin kuɗi, mai gida yana so a biya shi na shekara gaba ɗaya, ga gas ga katifa ga magani in zazzaɓi ya kama ka ba uwa kusa. Na ga ƴan mata da kuɗin gida ya yanke musu tsakiyar shekara suka shiga halin da ba zan rubuta a nan ba, duk mai turo ɗiya mace don Allah ya tabbata yana da na aikowa kowane wata. Hanya kuma mu ta Mundu da Tuboro muke bi, ta Waza iyaye ba sa yarda saboda matsalar tsaro.

Hajiya mai atamfa:
Ɗiyata Allah ya yi miki albarka, kin faɗi gaskiya. Ni uwa ce, biyu nake biya wa, ɗaya a Marwa ɗaya a Yamai. Mutane suna cewa ai ku ƴan kasuwa ba ruwanku da man fetur, to wa ke sayen kayana? Matan ma'aikata ne. Shekarar da albashi ya riƙa makara aka yanke alawus rumfata sai ƙura, atamfar da nake sayarwa a mako ta kwana wata uku, sai da na sai da awarwarona na zinari na tura Marwa. Yaron yana wata ƙasa amma cikinsa yana ɗaure da gangar Doba, ko ka fitar da shi ba ka tsere ba.

Abu Ammar:
Mu ƴan ɓangaren Larabci labarinmu daban ne. A gida akwai Jami'ar Sarki Faisal da sassan Larabci a Njamena da Abeshe amma gurbin likitanci da injiniya da Larabci kaɗan ne, don haka tun da can hanyarmu Khartum ce ko Alƙahira, masu sa'a su samu Madina. Ina Khartum yaƙi ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023, ƙarshen azumi, muna shirin sallah sai ƙarar bindiga, muka fito da jaka ɗaya, littattafai da kwamfuta duk suna can. Abin da ya fi min ciwo ba kayan ba ne, takardar sakamakon shekarun da na yi ce ban fito da ita ba, inda na nemi ci gaba aka ce in kawo shaida, babu, na koma aji ɗaya. Shawarata ga duk wanda ke waje ko ina ne, kowane zango ka karɓi sakamakonka da hatimi ka ɗauki hotonsa ka tura gida.

Injiniya ba rijiya:
Baba ka tambayi me ke korarsu, ni kuma zan faɗi me ke jiransu in sun dawo. Lokacin da aka buɗe matatar Jarmaya a 2011 da ƴan Sin kowane uba so yake ɗansa ya karanta fetur, ga makarantar fetur a Mao, wasu suka tafi Sin wasu Aljeriya wasu Malesiya, ni ma gida aka sai da fili aka tura ni. Na dawo na tarar harkar mai kuɗi take kawowa amma ba ta ɗaukar mutane da yawa, in an gama haƙa da shimfiɗa bututu mutane ƙalilan ke tafiyar da wurin. Esso ma, kamfanin da ke haƙar man Doba, ta tattara ta tafi, gwamnati ta karɓe kadarorin a 2023. Na kai takardu inda zan iya kaiwa shiru, na shiga layin masu jiran a ɗauke su aikin gwamnati shi ma shiru, yanzu sola nake haɗa wa mutane a gidaje da shaguna kuma alhamdulillahi ina ci ina ciyarwa. Da za a tambaye ni yau, in yaro yana da kan lissafi a tura shi lantarki ko aikin ruwa ko likitan dabbobi, ƙasar da ke da raƙuma da shanu miliyoyi amma yaranta duk suna rububin rijiyar mai.

Ɗan Liyon:
Faransa kam a yi lissafi da kyau kafin a fara. Sai ka bi ta Campus France, hukumar Faransa mai kula da ɗaliban waje, kuma lokacin da na zo wajen biza sai ka nuna kana da yuro 615 na kowane wata, yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ku buga ku gani ya haura jika ɗari huɗu. A 2019 kuma aka ɗaga kuɗin rajistar baƙi zuwa yuro 2,770 a lisans, ko da yake jami'o'i da dama suna yafe wa ɗalibai. Ni a mastar, digiri na biyu, na zo, kuma ita nake ba kowa shawara, ɗan shekara 18 da sanyi da kaɗaici da aikin dare ba ƙaramin abu ba ne.

Malamin jami'a:
Na karanta duka kuma ban musa ko ɗaya ba, amma ku bar ni in yi magana a madadin waɗanda ba su da zinarin sayarwa, su ne mafi yawa. Ina shiga aji ɗalibai sun cika har bakin taga, wasu tun asuba suke tsaye suna jiran bas, ɗan manomi daga Gera ko Tanjile ba shi da Gaundare ba shi da Liyon, mu ne kawai gare shi. Duk sefar da ke ƙetara Ngeli gidan haya take ginawa a Dang, kuma ba na zargin iyaye ko kaɗan, nima ƙanwata a waje ta gama. Abin da nake roƙo a ware kuɗin jami'a a inda faɗuwar ganga ba za ta taɓa shi ba, a biya malamai kan lokaci, shekara ta fara ta ƙare a watanninta, rabin masu fita da kansu za su zauna.

Baban Yara, Njamena:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malam maganarka ta shige ni. Ɗiyata ta Dang, in mutum ya yanke shawarar Kamaru me ake fara yi?

Ɗalibar Dang:
Baba a fara kai takardar bak ONECS, hukumar jarrabawa ta Cadi, a tantance ta tun sakamako na fitowa, layi yana tsawo sosai in an makara. A haɗa da takardar haihuwa da hotuna, sannan a samu wani ɗan gida da ke can ya kama ɗaki tun Agusta, zuwa Satumba masu kyau na kusa da makaranta duk sun ƙare.