Abin da na tsinta daga hirar masu gyaran esin mota

Da zafin bazara ya kankama, mun zauna da wasu masu gyaran esi a kan motar da ake cika mata gas, bayan sati biyu ta koma hura iska mai ɗumi. Bakinsu ya zo ɗaya: gas ba ya ƙarewa haka kawai, akwai inda yake zurarewa.

Shawarar farko, a duba da ido. Gas yana fita tare da man kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin, don haka duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura ya yi baƙi, a mahaɗar tiyo ko jikin kwandensa, mai huce zafin gas ɗin, da ke gaban lagireto, nan ne abin zargi. Tsakuwar hanya kan huda kwandensa. Sai a shafa ruwan sabulu, a jira kumfa. Wani dattijo ya ce sau da yawa 'yar robar mahaɗa ce ta bushe, abin da bai kai kuɗin gas ɗin ba.

In ramin ƙanƙani ne, a zuba rini mai ƙyalli a haska da fitilarsa, ko a matsa naitirojin a ga ko allurar geji za ta sauka. Ramin da ke cikin dashbod shi ne mai wahala, sai an kwance gaban motar.

An yi musu kan maganin toshe rami na gwangwani. Ni dai ina tare da masu ƙin sa, don yana toshe bawul.

Bayan gyara, a canza diraya, wato matatar da ke tsotse danshi, a zuƙe iska da danshi na kamar minti 30, sannan a auna gas da sikeli. Takardar da ke ƙarƙashin bonet ta faɗi nauyin da irinsa, R134a ko R1234yf, kuma ba a haɗa su.