Neman shawara: lissafi ya ce baki zai zo ɗaya, majalisarmu kuwa ta rabu biyu

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin lissafi ne a nan Katsina, ajin ƙarshe, aikin kammala karatuna a kan yaɗuwar ra'ayi ne. Tsarin DeGroot na 1974 na ɗauka: a ba kowa lamba tsakanin 0 da 1 a matsayin ra'ayinsa, kowane zagaye ya haɗa tasa da ta abokan hirarsa ya ɗauki matsakaici. Duk gwajin da na yi a kwamfuta, bakinsu ɗaya yake zama. Amma majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura, da zaɓen 2023 ya zo, benci biyu ta koma, har mai shayi kowa da nasa. Abin ya tsaya mini a rai. Ina na kuskure?

Wani malamin lissafi: Wa alaikumus salam. Ba ka kuskure ba, ƙanena. Muddin maganar kowa na isa ga kowa, kuma kowa na riƙe ɗan ra'ayin kansa, DeGroot can zai kai ka. Amma a tsarin naka abotar ce ka ɗaure, ba ta motsi. Duba aikin Holme da Newman na 2006: a ɗauko mutum da abokinsa ɗaya, ko dai ya karɓi ra'ayin abokin, ko ya rabu da shi ya koma wurin mai ra'ayi irin nasa. In rabuwa ta yi ƙaranci, akasarin jama'a su dunƙule. In ta wuce wani mizani, sai su watse rukuni-rukuni. Benci biyunku ke nan.

Wata 'yar ajinku: Ka gwada a NetLogo, manhajar kwamfuta ta irin wannan gwaji, kyauta ce. Ka ƙara da tsarin Hegselmann da Krause na 2002, inda mutum ba ya sauraron wanda ra'ayinsa ya yi masa nisa.

Yayarku daga Daura: Ni ba lissafi na karanta ba, amma ƙanena, ba kowace igiya ke tsinkewa ba. Maigidana da wansa sun yi wata uku ba sa zama tare saboda siyasa. Da aka yi mana rasuwa, tabarma ɗaya suka kwana uku a kai suna karɓar gaisuwa. Abokin Facebook ka toshe shi, ɗan uwa fa?

Mai tambaya: Yaya, Allah ya saka da alheri, wannan bai zo mini a rai ba. Malam, in na raba igiyoyin da ke tsakanin mutane kashi biyu, na zumunci su tsaya, na abota su riƙa sauyawa, mizanin nan zai matsa? Daren nan zan gwada da mutum 200 a kwamfuta.