Raɓa ta shiga gilashin kyamarata, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Ni ɗan Kaduna ne, aikina raka baƙi wuraren buɗe ido in ɗauke su hoto, kamar Fadar Kajuru da wani Bajamushe ya gina, da ruwan Matsirga kusa da Kafanchan. Ƙurar hunturu na san yadda zan yi da ita. Wannan matsalar ce ta gagare ni.

Wani aiki ya kai ni Oukaimeden, a tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh a Maroko, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Sanyin wurin yana cinye batir nan take, sai da na riƙa ɗumama shi a aljihun ciki. Da yamma kuma ana shiga ɗaki mai ɗumi, sai kyamarar ta yi gumi sharkaf.

Na dawo gida, amma har yanzu akwai wani hazo a cikin babban gilashin, daga ciki, inda ƙyalle ba ya kaiwa. Duk hoton da na ɗauka ina fuskantar rana fitowa yake fari-fari, fuskokin mutane a dusashe. Na rufe shi a roba tare da fakitin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ya ragu kaɗan ya tsaya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wasu siraran zare kamar saƙar gizo da na fara gani a gefe.

Shin fumfuna ce ta kama shi? Tana iya yaɗuwa zuwa sauran gilasan da ke jaka ɗaya? Kuma akwai wanda ya san mai gyaran da ke buɗe gilashi ya wanke a nan Kaduna, ko sai na je Kano? Ina da aikin biki a gaba, don Allah a taimaka.