Shawarwarin da na tsinta kan gina sito na ƙarfe

Jiya mun daɗe muna hira kan siton hatsi irin na kasuwar Dawanau ta Kano, ga dai abin da na riƙe. Kowa ya yarda a fara gwada ƙasa kafin fandesho, don in laka ce ginshiƙan za su nitse. Ƙofa a yi ta yadda tirela za ta shiga da baya ba sai an sauke buhu a waje ba. Inda aka yi ta musu shi ne kwano, wasu na cewa mara kauri ya isa, ni dai ban yarda ba, iskar farkon damina yaye shi take kamar takarda. A ɗaga daɓen, a bar tagogi ta sama saboda zafi, ƙarfen kuma a shafa mai jan fenti tun kafin a ɗora.